Daga Shekarar Sannu Zuwa Karar Maigatari: Tarihin Yaƙi da Bushiya da Aikin da Ya Rage

Duk ranar Alhamis, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, ƙura kan turnuƙe karar Maigatari. Shanu ne daga ƙasar Damagaram da ƙauyukan Gumel, raƙuma, tumaki da awaki, ga dillalai suna ciniki cikin hannun riga, ga manyan motoci sun jeru suna jiran lodi zuwa Legas da Fatakwal. Mai saye yakan buɗe bakin sa ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya matsa cinya, sannan ya taya. Akwai abu guda da ba ya dubawa, wanda kakansa ba zai taɓa sayen saniya bai duba ba: alamar bushiya. Cutar da ta fi kowace cuta kashe shanu a tarihin ƙasar nan ta bar duniya, har matasan makiyaya da yawa ba su san kamanninta ba.

Labarin yadda aka kai ga haka ya ɗauki shekara ɗari da ashirin. Ya cancanci a sake ba da shi yanzu, domin abubuwan da suka kawo nasarar su ne suke lalacewa a gabanmu, alhali sauran cututtukan suna nan daram.

Ƙasar da iyaka ta ratsa

Masarautar Gumel ta yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750, ta yi zamanta ƙarƙashin inuwar Barno, kuma ba ta shiga daular Sakkwato ba. A 1845 aka ɗauke fadar daga Tumbi zuwa Gumel. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layin iyaka a farkon ƙarni na ashirin, sai Tumbi ta faɗa ɓangaren da ya zama Nijar. Sarki ya bi Turawan Ingila a 1903, amma saniya ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Da damina garke yakan yi arewa inda ciyawa take da daɗi kuma gonaki ba su matse ba. Da kaka ya gangaro ya ci kara da harawa a gonakin gero, ya bar wa manomi taki. Da rani ya nufi fadamun Haɗeja. Inda duk kofato ya taka, cuta ma tana iya takawa.

Shekarar da gaisuwa ta zama suna

A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar jirgin ruwa ta Masawa, a ƙasar Eritiriya ta yau, domin ciyar da dakarunsu. Cikin shanun akwai masu ɗauke da bushiya. Shanun Afirka ba su da garkuwar jiki a kanta, don haka ta bi su kamar wutar daji. Wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashen tafkin Cadi da ƙasar Hausa, kafin 1897 ta kai ƙarshen kudancin nahiyar. A wurare da dama, cikin shanu goma tara suka mutu.

Ƙwayar cutar 'yar'uwar ta ƙyanda ce. Saniya takan fara da zazzaɓi, idanu da hanci su riƙa zuba, gyambo ya fito a baki har ta kasa cin ciyawa, sannan zawo mai wari ya biyo. Cikin mako ɗaya ko biyu ta faɗi. Mashaya guda ta ishi garke goma su kwasa.

Masu rubuta tarihin Fulanin Arewa sun adana sunan da aka ba wannan annoba: Sannu. An ce gaisuwar jaje ce ta yawaita a bakin mutane har ta zama sunan shekarar. A tuna fa, ga makiyayi shanu su ne abinci, su ne sadaki, su ne gado, su ne mutunci. Mutumin da ya wayi gari da garke ya kwana da sanda kaɗai, bai san ma wace sana'a zai kama ba. Wasu sun zauna sun rungumi fartanya, wasu sun zama masu kiwon dabbobin wasu, wasu sun shiga duniya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bushiya ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914, aka kira ta Gamagari, ta haɗu da yunwar da mutanen ƙasar Kano suke kira Kakalaba. Ta kuma dawowa wajen 1919 zuwa 1920.

Yadda garke ya tashi daga toka

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ta yaya shanu suka dawo? A lokacin babu rancen banki, babu tallafin gwamnati. Ilimin makiyaya da zumuncinsu ne suka yi aikin.

Na farko, akwai al'adar da Fulani suke kira haɓɓanaye. Mai shanu yakan ba ɗan'uwansa ko amininsa aron karsana. Wanda aka ba zai kiwata ta, ya sha nononta, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, a wasu wuraren har haihuwa uku, sannan ya mayar da uwar. Da wannan ne gidan da ya tsiyace yake sake kafa garke. Bayan farin shekarun 1970, ƙungiyoyin agaji a Nijar sun kwaikwayi wannan tsari wajen raba dabbobi, saboda sun ga ya fi nasu dabarun ɗorewa.

Na biyu, akwai zaɓen iri. Makiyayi na gaske ya san asalin kowace saniya ta wajen uwa, kuma sau da yawa 'ya takan gaji sunan uwarta. Ba kowane maraƙi ake bari ya zama bijimi ba. Ana duba uwarsa: tana da nono, tana haihuwa a kai a kai, tana jure tafiya, tana riƙe jiki da rani? Wanda bai cika sharaɗi ba a dandaƙe shi, ya zama na sayarwa ko na aiki. Idan jini ya yi kusa a cikin garke, sai a aro bijimi daga wata ruga. Masu binciken da suka zauna da Woɗaaɓe a Nijar sun tarar da cewa ana riƙe wannan lissafi a ka, zuriya bayan zuriya, ba tare da takarda ba.

Irin shanun da ake gani a Maigatari sakamakon wannan dogon zaɓe ne. Rahaji, ja mai dogon ƙaho, gwanin tafiya mai nisa ne da jure ƙishirwa. Bunaji, fari mai baƙin kunne da hanci, ya fi sauran iya zama a wurare daban-daban, shi ya sa ya fi yawa a Najeriya. Bokolo, mai gajeren ƙaho da faɗin jiki, ya fi saurin ɗaukar nama, kuma yana da sanyin hali wajen huɗa. Azawak ta arewacin Nijar ta yi suna wajen nono a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Kowannensu amsa ce ga wata tambaya da ƙasar ta yi.

Har rigakafi ma makiyaya suna da nasu. Game da ciwon huhu, sukan yanki ɗan guntun huhun saniyar da ta mutu, su tsaga fatar doron hancin mai lafiya, su cusa. Wurin yakan kumbura, wani lokaci ya bar wani tsiro mai tauri kamar ƙaho. A ƙarni na sha tara wani masanin dabbobi Bafaranshe ya ga irin waɗannan shanu a Sanagal, ya ɗauka ya gano sabon iri mai ƙaho uku. Dabarar tana da haɗari, takan kashe wasu, amma tana nuna cewa makiyayi bai jira Bature ba kafin ya fahimci rigakafi ya fi magani.

Allura da jangali

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen kula da dabbobi a Zariya gab da yaƙin duniya na farko, sannan a 1924 aka buɗe ɗakin bincike a Vom, a kan tsaunin Filato. Aikinsa na farko shi ne samar da maganin bushiya. Dalilin Turawa a fili yake: jangali babbar hanyar kuɗin shiga ce ga baitulmalin En'e, fatu da ƙiraga suna tafiya Turai, kuma biranen kudu suna buƙatar nama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa ta Gagarawa ya kammala a 1930, shanun da a da suke taka ƙasa wata da watanni suka fara shiga tarago.

Rigakafin farko mai wahala ne. Ana yi wa saniya allura biyu a lokaci guda: jinin dabbar da ke ɗauke da cutar, da ruwan jinin wadda ta warke. Sai a tsare garken a sansani na kwanaki har zazzaɓin ya wuce. Wadda ta rayu ta tsira har abada, amma wasu sukan mutu a sansanin, musamman ramammu. Daga baya aka samu allurar da aka rage wa ƙarfi ta hanyar bi da ƙwayar cutar cikin jikin awaki, asarar ta ragu.

Duk da haka makiyaya da yawa sun kai shanunsu, domin sun ga bushiya da idonsu. Abin da ya sa wasu ja da baya shi ne ƙidaya. Hukumar da take yin allura ita ce take karɓar jangali. Wanda ya kawo shanu ɗari a yi musu rigakafi ya tona wa kansa asiri gaban mai rasit. Don haka sai a kawo rabi, a ɓoye rabi a daji, ko a tsallaka iyaka har lokacin karɓa ya wuce. Rabin da aka ɓoye shi ne gidan cuta. A Jihar Kano, wadda Gumel take cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Amma tsoron ƙidaya bai tafi tare da rasit ɗin ba. Har gobe, ka tambayi makiyayi yawan shanunsa ka ga yadda zai dube ka.

Taron Kano da hujin kunne

Abubuwa biyu suka haɗu a farkon shekarun 1960. A Kenya, wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya samar da allurar da ba ta sa saniya ciwo, mai arha, wadda sau ɗaya tak take ba da kariya ta tsawon rai. A Kano kuma, a 1961, shugabannin ma'aikatun dabbobi na Najeriya, Nijar, Cadi da Kamaru suka zauna suka yarda cewa babu ƙasar da za ta iya wannan yaƙi ita kaɗai. Daga nan aka haifi shirin da ake kira JP15, wanda ya fara a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, ya bazu zuwa ƙasashe 22 kafin ya ƙare a 1976.

Tsarin mai sauƙin fahimta ne. A yi wa kowace saniya allura shekara uku a jere, a ɓangarori biyu na iyaka, a lokaci guda. Duk wadda aka yi wa, a huda mata kunne da wani ƙarfe mai barin alama. Wannan huji ya zama takardar shaida da ba ta jiƙewa, ba ta ɓacewa. A kara, mai saye yana ganin kunne ya san abin da yake saye. Bushiya ta yi ƙasa sosai, har aka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Yarjejeniyar ta ce bayan shirin kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa 'yan maruƙa allura duk shekara. Wannan sharaɗi yana da dalili: maraƙi yana samun kariya daga nonon farko na uwarsa, kariyar takan hana allura kama shi idan an yi da wuri, sannan ta gushe bayan wasu watanni ta bar shi tsirara. Kuɗin waje suka ƙare, motoci suka lalace, firji suka mutu, kuma allurar ba ta jure zafi. Cikin 'yan shekaru aka tara sabon garke wanda bai san allura ba bai san cuta ba. Bushiya kuwa ta laɓe a wurare biyu, yankin Mali da Muritaniya ta yamma, da yankin Sudan da Habasha ta gabas. A farkon shekarun 1980 ta fito ta ɓangarorin biyu, suka haɗu a Najeriya. Shekarar 1983 ta fi muni, ga fari ya biyo baya. Ƙiyasin da aka fi ambata na asarar Najeriya shi ne dala biliyan 2.

Wannan karon an ɗauki darasi. A 1986 aka ƙaddamar da sabon shiri na nahiyar baki ɗaya ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Aka samar da nau'in allurar da ke jure zafi na makonni ba firji. A gabashin Afirka aka horar da makiyaya su yi wa shanunsu allura da kansu, aka kuma riƙa tambayarsu inda cutar take, domin sun fi kowa sani. An ga bushiya ta ƙarshe a 2001, cikin ɓaunayen daji a Kenya. A 2011 Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa ta ƙare. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan'adam ya taɓa kawarwa daga doron ƙasa.

Abin da ya rage a garke

Nasarar ta zo da wani abin da ba a zata ba. A ƙasashe da yawa, tawagar da take allurar bushiya ita ce take yin ta ciwon huhu, wani lokaci ma a sirinji ɗaya. Da aka daina zagayen bushiya, na huhu ya yi rauni, cutar ta sake ɗaga kai.

Ciwon huhu ya fi bushiya wayo. Yana bin numfashi, kuma saniyar da ta yi kamar ta warke tana iya ɗauke da shi a huhunta wata da watanni tana rabawa. Allurarsa, wadda ake yi a Vom, kariyarta ba ta wuce kimanin shekara ba, dole a maimaita. Makiyayin da bai ga likita ba yakan sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ya yi wa saniya da kansa. Tari ya lafa, jiki ya ɗan murmure, sai a kai ta kara ranar Alhamis. Wanda ya saya ya haɗa ta da garkensa a ranar, ya sayi ciwo da kuɗinsa. Idan kuma mahauci ne ya saya kafin maganin ya fita daga jikinta, ragowar tana cikin tsiren da ni da kai za mu ci.

Ga kuma sauran: ciwon baki da kofato, harbin daji, ciwon saifa wanda ya ɓulla kusa da Suleja a Yulin 2023 kuma yana kama mutane, ciwon hanta da ake ɗauka a fadama, kirci da kaska da damina, da bakkale mai sa ɓari, wanda ake iya ɗauka ta ɗanyen nono.

Lafiya da iri kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, don haka a ƙa'ida tana iya haihuwa kusan duk shekara. A kiwon gargajiya, binciken da aka yi a Arewa ya nuna karsana takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan duk shekara biyu. Yawanci laifin na yunwar rani ne da tsutsar ciki da cuta. Saniyar da ta fita daga rani ƙashi da fata ba ta neman bijimi. Wanda ya kawo maniyyin shanun Turai ya ɗura wa irin wannan saniya, ya ɗora jinka a kan ginin da bai bushe ba. Tun 1928 ake aikin inganta iri a Shika kusa da Zariya, kuma abin da aka koya shi ne ruwa-biyun Bunaji da shanun Turai suna ba da nono sosai idan akwai abinci da inuwa da magani, suna kuma zubewa idan babu. A Nijar, tashar Tukunus da ke kusa da Filinge ta bi wata hanyar: ta shafe shekaru da dama tana zaɓe a cikin Azawak kanta.

Akwai kuma matsin kasuwa. Manomin Gumel ko Sule Tankarkar yakan sayi 'yan bijimai biyu, ya yi huɗa da jan amalanke da su shekara biyu ko uku, ya turke su da harawa da dusa, ya sayar da riba. Sana'a ce mai kyau, ta riƙe gidaje da yawa. Sai dai idan kuɗi ya matsa wa mai garke, maraƙin da ya fi kyau shi ne yake fara tafiya, domin shi ne mai tsada. Wanda ya rage shi zai hau shanun. Shekara goma ana haka, garke ya ƙanƙance ba tare da an lura ba.

Iyaka kuma

A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda take nuna yawan garke, allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi. An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Duk lokacin da aka rufe ƙofa, shanu ba sa daina shigowa, hanya kawai suke sakewa, su bi ta inda babu mai duba su.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, ana ta maganar gandun kiwo da sabon iri. Tarihin bushiya yana ba da ma'auni uku da za a auna kowane shiri da su. Shin allurar tana isa ruga da ranta, kuma ana dawowa baɗi? Shin Dutse da Damagaram suna yin zagayensu a lokaci guda, ko da Abuja da Yamai ba sa ga maciji? Shin makiyayi ya yarda cewa wanda ya zo da sirinji ba ɗan leƙen asirin mai haraji ba ne?

Akwai kuma abin da bai buƙatar jiran kowa. Wanda ya sayi saniya a kara ya ware ta makonni kafin ya haɗa ta da garke. Wanda ya yi wa dabba allurar magani ya jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin ya sayar ko ya tatsa. Ma'aikacin da yake zuba albashinsa a shanu, kamar yadda da yawa daga masu karanta wannan shafi suke yi, ya tambayi mai yi masa kiwo yaushe aka yi rigakafin huhu na ƙarshe, kuma wace saniya ce ta haifi bijimin garken. Idan mai kiwon ya amsa ta biyun ba tare da ya yi dogon tunani ba, a riƙe shi da kyau, domin irin iliminsa ne ya mayar da shanu ƙasar nan bayan shekarar Sannu.